Bibrafon ko marimba: wanne za ka fara saya idan ku biyu za ku riƙa kaɗa jaz?

A shekarar 1977 wasu makaɗa biyu na Amurka, David Friedman da Dave Samuels, suka kafa ƙungiyar Double Image, ɗaya a kan bibrafon ɗaya a kan marimba, wato kayan kiɗa masu jerin falankai da ake bugawa da sanduna. Da farko suna tare da mai bes (babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti) da mai ganguna, kamar yadda za ka ji a faifansu Dawn da kamfanin ECM ya fitar a 1979. Daga baya suka koma su biyu rak. Samuels ya rasu a 2019, Friedman kuwa ya daɗe da komawa Balin ta Jamus, inda ya yi shekaru yana koyarwa. Duk mai niyyar kashe kuɗi a kan waɗannan kayan kiɗa, ya fara sauraron su, don a nan zai gane aikin kowanne: marimba ce ke riƙe gindin kiɗa, bibrafon kuma yana jan waƙa a sama.

Falankan bibrafon na alminiyam ne. Wanda aka fi sayarwa yana da oktab 3 (kowace oktab jerin sautuka 12 ce), daga sautin F na ƙasa zuwa F na sama, falanki 37 ke nan. Akwai feda a ƙasa: ka taka, sauti ya ci gaba da amo, ka saki, wani dogon tsumman ulu ya danne falankan su yi tsit. A bakin bututan da ke ƙarƙashi akwai ƙananan faifai da wani ɗan inji ke juyawa, su ke sa sautin ya riƙa karkarwa. Makaɗan jaz da dama ba su cika kunna injin ba, saboda haka idan ka sami mai kyau wanda ba shi da inji, kuma da sauƙin kuɗi, kada ka wuce shi. A inda wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan ba asara ba ce. Idan kuwa mai inji ne daga Amurka, tambayi ƙarfin wutar da yake ci, domin nasu 110 ne zuwa 120, namu 220 zuwa 240. Sunayen da za ka fi cin karo da su: Musser, musamman samfurin M55 da ya daɗe a hannun ƙwararru, sai Yamaha, Adams ta Holan, da Malletech.

Marimba ita ce mai wahalar zaɓe. Falankanta na itace ne, ba feda, ba inji, sauti ya fita ya mutu nan take. Abu biyu za ka yanke shawara a kai, tsawo da irin itace.

Mai oktab 5 tana da falanki 61, tana sauka har C na ƙasa sosai, tsawonta ya haura mita biyu da rabi. Sautinta na ƙasa yana cika ɗaki, kuma a kiɗan mutum biyu shi ne madadin bes. Amma auna ƙofar ɗakinka tukuna, ka kuma tambayi kanka wace mota za ta kai ta wurin wasa. Mai oktab 4.3, wadda ke farawa daga A, falanki 52 gare ta, kuma a ganina ta ishi duk wanda jaz ne a gabansa. Manyan waƙoƙin da aka rubuta wa marimba ita kaɗai su ne ke tilasta sayen doguwar.

Batun itace kuwa, sarkinsu shi ne rosewood na Honduras. Sautinsa ya fi zurfi da daɗewa, kuɗinsa ma haka: sabuwa mai oktab 5 takan haura dala 10,000, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Itacen yana cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa wa ido wajen fatauci, ko da yake tun 2019 an sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka gama ƙerawa. Na biyu shi ne padauk, jan itacen da ake sarowa a dazukan Kamaru da Gabon. Ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ya fi taushi, sautinsa ba ya jimawa, kuma sanda mai tauri takan yi masa tabo. Na uku ba itace ba ne, haɗin roba ne mai ƙarfi, Musser na kiran nata Kelon, Yamaha na kiran nata Acoustalon. Makaɗa da yawa suna raina shi, wai amonsa ya yi yawa, ya rasa ɗumin itace. Gaskiya ne. To amma ka tuna hunturu. Iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya ba ta barin itace. Ya bushe ya tsuke, damina ta zo ya sha danshi ya kumbura, saitin sauti ya riƙa gocewa, wani falankin ma ya tsage. Mai gyaran saitin falanki ba a kowace ƙasa ake samunsa ba. In ba ka da ɗakin da za ka iya daidaita danshinsa, roba ta fi maka kwanciyar hankali.

Akwai abin da masu saye kan manta, kuma shi ya fi muni ga mutum biyu. Wasu kayan an saita su a kan A=440, wasu a kan A=442 (wato yawan girgizar sautin A a daƙiƙa ɗaya), kuma ba kamar garaya ba ne da za ka murɗa tsirkiya ka gyara. Idan naka da na abokinka suka saɓa, duk inda kuka haɗu a sauti ɗaya za a ji yana rawa. Yawanci akan buga lambar a jikin falanki, ka nemi mai sayarwa ya ɗauko maka hotonta.

Idan kuɗin na guda ɗaya ne, ni bibrafon zan fara saya. Ƙarfe bai damu da hunturu ba, yana shiga bayan ƙaramar mota in an kwance shi, kuma da shi za ka iya zama cikin kowace ƙungiyar jaz kafin abokin kiɗanka ya haɗa kuɗin marimba. Na hannu ma ba laifi, muddin ka buga falankan ɗaya bayan ɗaya ka ji babu mai mataccen sauti, ka taka feda ka tabbatar tsumman yana danne su duka lokaci guda, ka duba igiyar da ke riƙe da su da kuma bututan ko sun lotse. Ka ware kuɗin sanduna huɗu-huɗu na kowane kaya daban, domin sandar bibrafon mai tauri tana iya fasa siraran falankan ƙasa na marimba.