Filtar Ilford ko maɓallan launi na na'urar faɗaɗa hoto: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi tsohuwar na'urar faɗaɗa hoto mai maɓallan launi uku, kana kuma tambaya ko lallai sai ka ƙara sayen filtar Ilford kafin ka fara buga hoton baƙi da fari a takardar Multigrade, wadda launin haske yake sauya kaifin hotonta. Ba lallai ba ne. Aiki ɗaya suke yi, sai dai kowanne da wurin da yake wahalar da mutum.

Takardar tana jin haske iri biyu. Shuɗin haske yana ba da hoto mai kaifi, baƙi wuluk da fari fat. Koren haske kuwa yana tausasa shi, launin toka ya yawaita. Filta mai ruwan ɗorawa tana tare shuɗi, saboda haka hoto ya yi laushi. Majenta, wato jan nan mai sirkin shunayya, tana tare kore, sai kaifi ya ƙaru. Idan ba ka sa komai ba, za ka samu kusan mataki na 2, a ma'aunin kaifi da ke tashi daga 00 (mafi laushi) zuwa 5 (mafi kaifi).

Filtar Ilford guda 12 ce, daga 00 zuwa 5, rabi-rabi. Babban daɗinta shi ne an daidaita ta: daga 00 har 3½ lokacin haskawa ɗaya ne, daga 4 zuwa 5 kuwa, a tsohuwar takardar Multigrade IV, sai ka ninka shi. Ka buga a 2 da daƙiƙa 10, ka ga hoton ya yi sanyi, ka zare ka sa 3, daƙiƙa 10 ɗin dai za ka ba shi, gyara kaɗan ne zai rage. Ga mai koyo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman da tsadar takarda. Aibinta, tana koɗewa da tsufa. Wadda ake maƙalawa a ƙarƙashin gilashin na'ura kuma ba ta son ƙura ko shatin yatsa, sai a kula lokacin hunturu.

Maɓallan na'urarka kuwa gilashi ne da ba ya koɗewa, kuma babu tsalle daga mataki zuwa mataki. Kana iya tsayawa tsakanin 2½ da 3 idan can ne fim ɗin yake so. Maɓalli biyu na ruwan ɗorawa da majenta ne; na uku, mai launi tsakanin shuɗi da kore, ka bar shi a sifili. Matsalar tana cikin lambobin. Wata na'urar kamfanin Durst tana ƙarewa a 130, wata a 170, wasu masu bin ma'aunin Kodak kamar Beseler suna kaiwa 200. Majenta 30 a na'urar wani ba ita ce 30 a taka ba, don haka kada ka kwafi lambar kowa sai ka san irin na'urarsa. Takardar bayanin da ke cikin kwalin Multigrade tana da jadawali, ka nemi layin taka.

Jadawalin ma biyu ne, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Na farko launi ɗaya ake murɗawa: haske ya fi yawa, lokaci ya fi gajarta, amma duk sauyin mataki sai ka sake yanka takardar gwaji. Na biyu ana haɗa ruwan ɗorawa da majenta tare, ɗaya na sauka ɗaya na hawa, lokacin ya tsaya kusan wuri guda. Ya fi jan lokaci, amma ni shi na fi so. Ka kwafe shi da manyan lambobi ka manna a bango, domin karanta ƙananan rubutu a jan fitila azaba ce.

Wuri biyu ne filta take kayar da maɓalli. Na'urori da yawa ba sa kai cikakken mataki na 5 ko an murɗa majenta har ƙarshe. Sannan idan kana haska takarda sau biyu, sau ɗaya da 00 sau ɗaya da 5, murɗa maɓalli a tsakani na iya girgiza kan na'urar, hoton ya fito dishi-dishi, alhali filta zarewa kawai ake yi.

Wani abu da ya shafi duka biyun: idan wuta ta yi rauni, ƙwan yana komawa ja-ja, shuɗinsa ya ragu, kaifi ya sauka. Mai aiki da janareta ya nemi na'urar daidaita wuta kafin ya zargi filta.

Tunda na'urar tana hannunka, fara da jadawali na biyu, kuɗin filtar ka zuba su a takarda. Ranar da wani fim mara kaifi ya ƙi ba ka baƙi duk da ka ƙure majenta, sai ka nemo filta mai lamba 5.