Sashen dashen huhu: sun mayar da mu gida, amma na yaba musu

Yayana ne ya samu dashen huhu a wani asibiti nan Ingila, to bari in faɗi yadda na ga aikinsu. Wallahi mutanen nan ba sa wasa da tantancewa. Kafin su karɓi huhun mamaci sai sun duba rukunin jini da tsayin mutum don kar huhun ya fi ƙarfin kirji, su ɗau hoton kirji, su zura kyamara ta maƙogwaro su ga ko akwai majina ko ruwan ciki da ya gangara, sannan su tambayi tarihin shan sigari. Iskar oksijin a jinin mai ba da huhun ma akwai ma'auni, ana so ta haura 300 a ma'aunin mmHg.

An taɓa kiran mu cikin dare cewa an samu huhu, har an sa masa rigar tiyata sai likita ya zo yace huhun bai yi ba, ku koma gida. Ranar yaya ya yi kuka, ni ma raina ya ɓaci sosai, amma gara haka da a saka masa abin da zai cuce shi ai.

Huhun da aka dasa masa daga baya sai da aka ɗora shi a na'urar EVLP, wato na'urar da ke sa huhu ya yi aiki a wajen jiki don a gwada shi, irin tsarin da likitocin Toronto suka fara amfani da shi a 2008, huhun yana cikin wani kwano mai murfi yana numfashi shi kaɗai ana zagaya masa ruwa mai ɗumin jiki awa 4 suna aunawa.

Inda suka gaza kawai bayani, da sun faɗa mana tun farko cewa kira ba tabbas bane. Yanzu Alhamdulillah yaya har bene yake hawa.