Erjiyes, Alpe d'Huez ko Maroko: amsa ga Hajiya kan kai yara koyon zamiyar ƙanƙara

Assalamu alaikum Hajiya, ina gajiya, ya Alhaji da yara? Na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na tashi daga shago na samu natsuwa. Kin ce kuna son kai yara uku, masu shekara 13, 15 da 17, su koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara a hutun ƙarshen Disamba, kuma ba wanda ya taɓa taka ƙanƙara a cikinsu. Ƙaninki na Faransa ya ce ku zo Alpe d'Huez, wata 'yar uwa ta ce Turkiyya, Alhaji kuma ya ce ga Maroko nan kusa. Ni na kai nawa biyu Erjiyes ta Turkiyya, na yi kwanaki a Alpe d'Huez lokacin da na je wajen wani amini a Grenoble, Maroko kuma yini guda na hau dutsenta. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Kada girman dutse ya ruɗe ki, Hajiya. Masu talla za su ce miki wuri kaza yana da hanyoyin zamiya kilomita ɗari biyu, wuri kaza ɗari huɗu. Ɗan koyo a kwana ukun farko bai fi ƙarfin fili kamar filin ƙwallon Kawukudi na nan Accra ba, a nan zai faɗi ya tashi har ƙafarsa ta gane. Abin da za ki saya da kuɗinki shi ne malami mai haƙuri wanda yara ke jin yarensa, da gangare mai sauƙi, da tabbacin cewa in kun isa za ku tarar da ƙanƙara a ƙasa.

Da wannan ma'aunin Maroko ta fita tun da wuri. Ukaimedan, wurin zamiyarsu, tana kan duwatsun Atlas, kimanin kilomita 80 daga Marakesh, kuma wurin yana da kyau ƙwarai. Amma ƙanƙararsa ta dogara ga abin da sama ta zubo, shekarun fari kuma sun yi wa Maroko yawa. A ƙarshen Disamba kina iya isa ki tarar da duwatsu tsirara. Ranar da na je akwai ƙanƙara, sai dai kayan hayar tsofaffi ne a jere bakin hanya, masu cewa za su koyar kuma kowa da farashinsa. In kuna Marakesh don wani abu, ku hau yini guda yara su yi wasa. A ɗauki iyali tun daga Accra don koyon zamiya a can, ban ba da shawara ba. Ki ba Alhaji haƙuri.

Saura biyu, kuma zan fara da inda Faransa ta fi, don kada ƙaninki ya ce na yi son kai. Wajen koyarwa ban ga kamarsu ba. Makarantarsu ta ESF, masu jajayen riguna, tun 1945 take aiki, kuma tsarin mako ne: a raba yara aji-aji bisa shekaru da iyawa, su yi kwana biyar ko shida da malami ɗaya, ranar ƙarshe a gwada su. Matashi ya fi koyo cikin tsaransa, domin ba ya son a bar shi a baya. Sannan Alpe d'Huez kamar don 'yan koyo aka shimfiɗa gindinta. Garin yana kan mita 1,860, daga bakinsa kuma faffaɗan fili ne mai gangare a hankali, cike da hanyoyi masu alamar kore. Launi huɗu suke sa wa hanya: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye. Naku yaran kore ne, in Allah ya taimaka su taɓa shuɗi kafin ku dawo. Can ƙololuwa, mita 3,330, akwai baƙar hanyar Sarenne mai tsawon kilomita 16 da ake ta yabo. Wannan ba ta shafe ku ba ko kaɗan, alhali tana cikin abin da ya sa wurin tsada.

To amma kafin ki taka wannan fili sai kin ƙetare bizar Shengen, wadda da ita ake shiga Faransa. Kuɗin nema yuro 90 ne ga duk wanda ya kai shekara 12, ke nan ku biyar yuro 450, kuma in an hana ba a mayarwa. Ga inshorar lafiya da dole ta kai ta yuro 30,000, ga takardun banki, ga wasiƙar makarantar yara, ga neman ranar ganawa wanda duk mutumin Nima da Mamobi ya san wahalarsa. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, saboda haka mai nufin Disamba bai kamata ya kai Oktoba yana shawara ba. In an samu, jirgi ya kai ku Faris, jirgin ƙasa kamar awa uku zuwa Grenoble, sai bas ta hau da ku lanƙwasa 21 na hanyar nan da 'yan tseren keke suka sa ta yi suna. Kuma makon Kirsimeti da na sabuwar shekara su ne ƙololuwar tsada a can, yawancin ɗakuna ma daga Asabar zuwa Asabar ake ba da su, ba a gutsura miki kwana huɗu.

Sai abinci, wanda shi ya fi damuna a can. Abincin dutsen Faransa cuku ne da dankali da naman alade. Wanda suke kira tartiflette da gutsattsarin alade ake yinsa, narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki kuma da giya ake dama shi. Yaro ya sauko daga dutse yunwa na cinsa, ke kuma kina tsaye kina tambayar me aka zuba a tukunya. Mafita ita ce ku kama ɗaki mai kicin, ƙaninki ya sayo naman halal a Grenoble, ku hau da shi. Ana yi, amma ki sani hutun zai zama ke ce a bakin murhu.

Erjiyes, wadda suke rubutawa Erciyes, tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, tsayinsa mita 3,917, kimanin kilomita 25 daga birnin Kayseri. Turkish Airlines na tashi daga Accra kai tsaye zuwa Istanbul, awa bakwai ko kusa da haka, daga nan ƙaramin tashi na kamar awa ɗaya da rabi zuwa Kayseri. In dattijo ne zai yi muku maganar tikiti, a bambance masa Ankararmu ta Gana, wato Accra, da Ankara babban birnin Turkiyya, domin ba ta can za ku bi ba. Biza a nan ma dole ce, a nema da wuri, amma ni da nake zuwa sarin kaya Istanbul ban sha irin wahalar ta Turai ba. Dutsen yana da ƙofofi huɗu, taku ita ce Tekir, a kan mita 2,200. Nan filin 'yan koyo yake, da bel mai tafiya wanda yaro zai tsaya a kai kawai ya hau da shi, da shagunan haya, da masallaci a gindin dutsen. Suna da injinan feshin ƙanƙara, wanda ke rage fargabar Disamba, ko da yake Janairu da Fabrairu sun fi cika.

Ba zan manta safiyar farko ba. 'Yata ta sa takalmin zamiya, mai tauri kamar an zuba ƙafa a siminti, ta yi taku uku ta zauna a ƙasa tana hawaye, ta ce Baba mu koma gida. Malamin da na ɗauka a bakin fili ba ya jin Turanci sai kalma biyar, yana ta nuni da hannu, ita kuma ba ta gane me yake so. Awa biyu suka tafi a banza da kuɗina. Da yamma na roƙi mutanen masaukinmu suka nemo mana wata malama mai jin Turanci. Ita ce ta durƙusa ta kama kan allunan zamiyar biyu ta haɗa su, ta buɗe bayansu, ta ce haka ake birki, in kina son tsayawa ki ƙara buɗe dugaduganki. Rana ta uku yarinyar nan ta sauko gangaren Tekir ita kaɗai, ta tsaya cak a gabana, hijabinta a ƙarƙashin hular kwano, tana dariya har da tsalle. Nan raunin Erjiyes yake, Hajiya: koyarwar galibi ta awa ce da malami na kanka, ba ajin mako irin na Faransa ba, kuma ba kowane malami ke jin Turanci ba. Ki kama malami tun kina Accra, a rubuce, a faɗi yaren da zai koyar da shi. Tunda naki uku ne, malami ɗaya ya ishe su, awa biyu kowace safiya.

Rauni na biyu iska. Dutsen ba bishiya, in iska ta taso sai a tsayar da kujerun igiya na sama. Mun rasa yini ɗaya haka, muka tafi Kapadokiya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, yara suka shiga garuruwan da mutanen da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa. A cikin Kayseri kuma ga masallacin Hunat Hatun na zamanin Saljuƙawa, tun 1238. Abinci kuwa ba tambaya: ƙananan ƙullin fulawa da nama da suke kira manti, da busasshen naman sa mai yaji da ɗana ya ce kilishin Turkawa ne, da miyar adas mai zafi. Kina jin kiran salla kina cin abincinki hankali kwance. Kuɗin katin hawa da haya da malami, duka na same su ƙasa da na Faransa nesa ba kusa ba.

Wata za ta ce miki Uludag ta Bursa, tunda ta fi kusa da Istanbul. Tana da daji mai kyau da motar igiya mai tsawon kusan kilomita 9, amma cunkoson ƙarshen mako ya yi wa ɗan koyo yawa. Duk inda kuka sauka dai, daren farko ki zagaya da yara ku ga ƙofar fita ta gaggawa. A Janairun 2025 gobara a wani otel na Kartalkaya, can Turkiyya, ta ci rai 78, da yawansu iyalai ne da suka je hutu da yara.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, kuma ba mai tallan da zai gaya miki. Mu mutanen bakin teku ne. Afajato da aka koya mana a makaranta cewa ya fi kowane dutse a Gana, mita 885 aka ce mana. Ku kuma za ku yini a sama da mita dubu biyu, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ga sanyi, ga ƙishirwar da mutum ba ya ji. Waɗannan ukun su ne ke tayar da ciwon sikila, kuma a ƙasar nan kusan jarirai 2 cikin 100 da shi ake haihuwarsu. In akwai mai SS ko SC cikin yaranki, kada a sayi tikiti sai likitansa na Korle Bu ko inda yake zuwa ya amince. Mai AS ma ba a ce ya saki jiki ba, domin a kan tudu mai tsawo saifa takan yi ciwo. In yaro ya ce gefen cikinsa na hagu na sukarsa, a sauko da shi a nufi asibiti, kada a ce gajiya ce. A nan ma Erjiyes ta fi mini: kuna iya kwana a cikin Kayseri, wajen mita dubu da 'yan kai, ku hau da safe ku sauko da yamma. A Alpe d'Huez a saman kuke kwana. Inshorar kuma ki karanta ki ga ta ambaci wasannin ƙanƙara da ɗauko mutum daga kan dutse, don ta tafiya zalla sau da yawa ba ta biyan wannan.

In duk sun fi sha'awar ganin ƙanƙarar a kan koyon, ko likita ya hana tudu, akwai Ski Dubai a cikin Mall of the Emirates, tun 2005, gangaren mita 400 a cikin gini. Kada a raina shi. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya ɗaga tutar Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, a irin wannan gini ya koya a Milton Keynes ta Ingila.

Ni dai da ni ne ke, Erjiyes zan nufa, kwana shida, huɗu a kan dutse. In yara sun kamu da son abin, wata shekara ƙaninki ya karɓe su a Faransa sun riga sun iya birki, kuɗin ajin ma ya fi amfani a lokacin.

Salla ba ta ba mu wahala ba. Mukan yi alwala kafin a ɗaura takalma, darasi ya ƙare kafin azahar, ga kasaru ta matafiyi. Rana gajera ce, wajen ƙarfe biyar magariba ta yi. 'Yan matan su sa hijabi mai laushi marar fil, don kada ya soke su in sun faɗi. Kayan zamiya kuwa sun rufe jiki ruf. Ki tafi da man kaɗanya, leɓe na tsagewa fiye da na hunturunmu, da man kare rana da baƙin tabarau, domin hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana ƙona fuska da ido ko baƙar fata ce.

Alluna da sanduna da takalma da hular kwano duk a can ake haya, a gwada takalmin da safa ɗaya tak mai tsawo, ya kama dugadugi kam. Riguna da wanduna masu hana ruwa da safar hannu kuwa kada ki saye su a can. Suna nan jibge a gwanjon Kantamanto, ba mai tayawa saboda zafinmu. Asabar mai zuwa da sassafe uwargidana za ta shiga kasuwar, ta san layin masu kayan sanyi. Ki zo da yaran duka uku a gwada a jikinsu, wandon ya zama yana da faɗin da zai rufe bakin takalmi.