Firijin sola ko na gida da janareta? Amsa ga ɗan'uwanmu na Mai Wurno

Ɗan'uwa, kan maganar firijin da maigidanka ya ce ka zaɓar wa saidaliyya (kantin magani), na sola ko na gida haɗe da janareta: ka ce masa na sola, amma ba kowane na sola ba.

Wanda nake nufi shi ne irin da ba ya da batir. Faifan sola yana haɗe da shi kai tsaye. Da rana injin yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, da dare wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyin. Murfinsa ta sama yake, shi ya sa ko ka buɗe sanyin ba ya zubewa. Irinsa nake aiki da shi a wani ƙaramin gari nan gefen Sinnar a Sudan, kuma ya fitar da ni kunya. Bayan yaƙi ya ɓarke a 2023 mun yi wani zama mai tsawo babu wuta, mai kuma sai wane da wane. Akwai wata Hajiya mai ciwon sukari da jikanta ke kawowa a keken jaki duk ƙarshen wata. Ranar ta shigo jiki a sanyaye, don an gaya mata duk insulin ɗin garin ya lalace. Na buɗe murfi na nuna mata ma'aunin sanyi yana kan digiri 5, na ɗora mata kwalbar a tafin hannu. Da ta ji sanyin sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta yi ta maimaitawa har ta hau keken. Daga baya har ungozomar asibitin garin ta riƙa kawo mana allurar oksitosin ta masu haihuwa ajiya.

Ka san ƙa'idar: insulin, oksitosin da allurar tetanus suna son tsakanin digiri 2 zuwa 8. Mutane zafi kawai suke tsoro, alhali daskarewa ta fi saurin kashe magani. Insulin in ya yi ƙanƙara ya tashi aiki, ko ya narke ya koma kamar sabo a ido. Nan firijin gida ke cin amana: jikin bangon baya yana daskarar da kaya, bakin ƙofa kuma ɗumi, ga yaran shago suna buɗewa suna cusa ruwan sha. Na janareta dai yana aiki muddin akwai mai a jarka kuma akwai mai tashi cikin dare ya kunna. Yana da araha ranar saye. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Na sola ma yana da nasa. Kuɗinsa na farko da nauyi, cikinsa ba faɗi, kuma faifan nasa ne shi kaɗai, kada wani ya ce zai ja waya ya yi cajin tarho. In habub, wato guguwar ƙura, ya taso, washegari da sassafe ka hau ka goge ƙurar da ƙyalle mai laushi. Safe da yamma ka duba ma'auni ka rubuta a takarda manne da jikinsa, ko da komai lafiya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Tunda wuta ta zama abin da ta zama, kowa ya koma dillalin sola. Za a kawo maka firizar nama, a haɗa da batirin mota da inbata, a ce "na magani ne". Ƙarya ne. Na gaskiya yana cikin jerin kayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance, lambarsa tana farawa da E003, kuma na yankin zafi a digiri 43 ake gwada shi. Kamfanoni irin su Vestfrost, Haier da B Medical Systems suna yinsa. Ka nemi a nuna maka lambar. Faifan ma ana wanke tsoho a liƙa masa sabuwar takarda; ka tafi da mai gyaran wuta da ka yarda da shi ya auna da tsakar rana. Kada ka tura ko fam ɗaya ta manhajar banki ta Bankak kafin a kafa shi ya kwana yana aiki a gabanka.

Masu sayen insulin da ba su da firiji a gida kuwa, ka gaya musu kwalbar da aka fara amfani da ita tana kai wajen mako huɗu in ba ta wuce digiri 30 ba. Zafin Afrilu da Mayu a nan ya wuce haka nesa, don haka su sa ta a roba mai murfi, su ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, inda inuwa take.

In kuɗin maigidan bai kai ba yanzu, ya rage kayan sanyi ya jira, ya sayi na sola daga baya. A gaida mutanen Mai Wurno.