Gadeniyar Hajiya: ruwa ne ya yi mata yawa, ko ƙasar ce ta rasa tsami?

Hajiya, barka da wannan lokaci. Na karanta tambayarki: kin sayi gadeniya, shukar ado mai farin fure mai ƙamshi, nan Jos a watan Disamba tana cike da ƙullin fure, kika kai ta falonki a unguwar Gwarinpa da ke Abuja, yanzu ganyen yana yin rawaya yana zuba, ƙullin kuma yana faɗuwa tun bai buɗe ba. Wasu sun ce ki ƙara mata ruwa da taki, wasu sun ce ki canza ƙasar. Kin tambaya wanne za ki bi.

Don Allah kada ki zuba mata komai tukuna. Ciwo biyu ne suka fi sa ganyen gadeniya rawaya a cikin ɗaki. Daga nesa kamarsu ɗaya, amma maganin ɗaya yana iya ƙarasa wadda ke fama da ɗayan. Na farko ruɓewar saiwa saboda yawan ruwa. Na biyu yunwar sinadarin ƙarfe saboda ƙasar tukunyar ta rasa tsami.

Ki fara sanin halinta. 'Yar'uwar gauɗe ce, wannan gauɗen na dajinmu mai 'ya'ya rawaya, kuma danginsu ɗaya da itacen kofi. Sai dai ita asalinta kudancin Sin ne da Japan da Taiwan, inda iska ke da laima, ƙasa kuma ke da tsami. A ma'aunin tsami da ake kira pH tana son tsakanin 5 da 6, alhali 7 shi ne tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da 7 kuma shi ne mai tsami. Gauɗe ya saba da fari da gobarar daji, ita kuwa 'yar gata ce.

Ganye shi ne shaidar farko. Idan saiwa ce ke ruɓewa, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara rawaya, gaba ɗayansu har da jijiyoyin, kuma da kin taɓa su sai su faɗo. Shukar takan yi laushi ta sunkuyar da kai kamar mai ƙishirwa, alhali ƙasar jagab take. Nan ne ake yaudarar mutum: ya ga ta yanƙwane, ya ɗauko buta ya ƙara mata. Idan kuwa ƙarfe ne ta rasa, abin daga sama yake farawa. Sabbin ganyen kan reshe su ne ke fitowa fari-fari ko ruwan ɗorawa, amma jijiyoyinsu na nan kore shar, kamar an zana raga a kansu da alƙalami. Tsofaffin na ƙasa suna nan da duhunsu da ƙyallinsu, ganyen kuma ba ya saurin zuba. Dalili shi ne shuka ba ta iya kwaso ƙarfe daga tsohon ganye ta kai wa sabo, don haka sabon ne ke shan wahala.

Sanadinsu ma ya bambanta. Ruɓewa tana zuwa ne daga tukunyar da ba ta da huda a gindi, ko farantin da ruwa ke kwana a ciki, ko jar ƙasa mai danƙo wadda ke daskarewa kamar tubali. Ɗauki wadda aka raino a fili nan Jos, rana da iska suna busar da tukunyarta kullum, ki ajiye ta a kusurwar falo bayan labule, sannan a ci gaba da ba ta ruwa safe da yamma: ruwan ba shi da inda za shi, saiwa ta rasa iska, sai ta mutu.

Ita kuwa maganar tsami, duk macen da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san ta. Kina jefa 'yar kanwa, tsamin ya kwanta. Haka toka take yi wa ƙasa, haka ɓaraguzan siminti da filasta suke yi, haka dakakken ɓawon ƙwai. A Abuja, inda ake yawan ɗebo ƙasar tukunya daga wurin gini, wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙarfen yana nan cikin ƙasar, amma da zarar tsami ya tafi sai ya ƙulle, saiwa ta kasa shan sa. Ruwa ma yana iya jawo haka a hankali. Leƙa cikin butar da kike tafasa ruwan bohol ɗinku: in kin ga farin abu ya kama gindinta, irinsa ne ke taruwa a tukunyar shukar.

Ni da hannuna na taɓa yin wannan kuskuren. Wata gadeniya da nake ji da ita a baranda, na ga tururuwa na hawanta, aka ce mini in barbaɗa toka. Na barbaɗa mata cikin tafi biyu daga murhu. Bayan 'yan makonni duk sabon ganyen da ya fito sai ya zo kamar an wanke shi da bilic, jijiyar kawai ke kore. Na yi ta ƙara takin kaji ina zaton yunwa ce, ba abin da ya sauya sai bakin ganyen da ya ƙone. Sai da na kwashe ƙasar sama na sake mata wata sannan ta farfaɗo, kuma shekarar nan ko fure ɗaya ban gani ba. Har yau abin yana damuna.

Akwai wani wuri da ciwon biyu suke haɗuwa, kuma shi ya sa ganye kaɗai ba ya yanke hukunci. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ƙarfe ko da ƙasar na da tsami daidai. Don haka za ki iya ganin sabon ganye mai koren jijiya, ki je ki sayo maganin ƙarfe, alhali matsalar na can ƙasa cikin laka. Sai kin zare ta daga tukunya za ki sani. Shimfiɗa jarida, kwantar da tukunyar, ki riƙe gindin shukar tsakanin yatsunki, ki bubbuga gefe har ta fito da ƙasarta. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, tana da ƙwari, ƙamshinta na ƙasar damina. Ruɓaɓɓiya kuwa ruwan ƙasa ce ko baƙa, in kin ja ta da yatsa biyu fatar ta saɓule ta bar miki ɗan zare, kuma warin kwata za ki ji.

In kin tarar da ruɓewa, aikin na almakashi ne. Goge shi da sifirit, ki yanke duk saiwar da ta yi laushi har ki kai wurin fari. Zubar da tsohuwar ƙasar. Nemo tukunya mai huda wadda ba ta fi saiwar da ta rage girma sosai ba, ta yumɓu ta fi ta roba domin tana numfashi. Haɗa takin ganye da ya ruɓe sarai da yashi mai tsakuwa da ɗan ɓuntun shinkafa, yadda in kin zuba ruwa zai wuce nan take. Rage rassan sama gwargwadon saiwar da kika yanke, ki tsinke sauran ƙullin furen duk da na san da ciwo, domin ba ta da ƙarfin ɗaukar su. Taki kuwa ko ƙwaya kada ta gani sai ta yi sabon toho, wata ɗaya zuwa biyu. Ruwa sai kin tura yatsa gaɓa ɗaya kin ji saman ya sha iska.

In kuwa saiwar fara ce tas, to kin huta, ciwon mai sauƙi ne. Mayar da ita, ki kwashe ƙasar sama in da toka ko siminti a ciki. A shagunan kayan gona ki tambayi maganin ƙarfe na shuka, ayon kilet ko feros salfet, ki bi awon da ke jikin kwalin, kada ki ƙara. Takin da ya dace da ita shi ne salfa, wato amoniyam salfet, wanda manomanmu suka sani, domin yana ƙara wa ƙasa tsami, amma ɗan kaɗan a narke cikin ruwa. Kafin damina ta sauka a Afrilu ki samu ruwan sama, wanda ya fi kowane ruwa a wurinta, kina iya sa cokali ɗaya na ruwan khal cikin lita 4 sau ɗaya a wata. Wannan riƙon ƙwarya ne kawai. Sabon ganyen da zai fito bayan mako uku zuwa huɗu shi za ki duba, tsohon ba lallai ya koma kore ba.

Faɗuwar ƙullin fure kuma wani zance ne daban, ko lafiyayya ma tana yi. Gadeniya na ƙulla fure ne idan dare ya yi sanyi kamar digiri 15 zuwa 18. Jos na bisa tudu kusan mita 1,200, wannan sanyin kyauta muke samun sa. Abuja kuwa yanzu zafi ke tunkarowa, ga iyakwandishan da ke busar da iskar ɗaki, a ɗauke wuta ɗakin ya yi zafi, a kawo ya yi sanyi. Ba ta jure wannan. Ki kai ta kusa da tagar gabas inda za ta sami hantsi, nesa da bakin iyakwandishan, ki ɗora tukunyar kan tire mai tsakuwa da ɗan ruwa, gindin kada ya taɓa ruwan. In kin ajiye, ki daina juya ta. Ki kuma ɗaga ganyen ki leƙa bayansa: farin abu kamar auduga a mahaɗar reshe ƙwaro ne, ki goge shi da auduga da sifirit. In saƙa ce siririya kamar ta gizo-gizo, a wanke ganyen da ruwan sabulu mara ƙarfi.

A nawa ganin, Hajiya, tunda kin ce ganyen zuba yake yi, kuma a falo take, hankalina ya fi karkata ga ruɓewar saiwa, shi ya sa shawarar ƙara ruwa da taki ta tayar mini da hankali. Ki zare ta gobe da safe in Allah ya kai mu, ki gaya mini kalar saiwar da ko tana wari, sai mu san yawan rassan da za a rage.