Yaya, a gyara banɗakin Hajiya kafin damina

Assalamu alaikum Yaya. Tun da aka gaya mini Hajiya ta zame a banɗaki da asuba hankalina bai kwanta ba. Alhamdulillahi da abin ya tsaya a targaɗe. Amma ka san aikina a nan Ingila kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma na sha ganin mutum da ƙarfinsa ya faɗi sau ɗaya, ƙashin ƙugu ya karye, bai sake takawa da ƙafarsa ba.

Hukumar lafiyarsu, NHS, ta ce cikin mutum uku da suka haura shekara 65, ɗaya yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, waɗanda suka haura 80 kuwa kusan rabinsu ne. Shi ya sa ba sa wasa da abin. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wurinta. Da ta faɗi, ma'aikaciya ta zo ta bi gidan tun daga ƙofa har makewayi, ta sa aka naɗe ɗan kafet ɗin falo, aka kafa ƙarfen dafawa a gefen masai da wurin wanka. Irin wannan ƙaramin gyara, in bai wuce fam 1,000 ba, ƙaramar hukuma ce ke biya. Har da ɗan maɓalli a wuyanta, in ta faɗi ta danna a zo. Sai dai baiwar Allah takan yi mako ba ta ga danginta ba. Hajiya ba ta buƙatar maɓalli, ga jikoki cike da gida. A dai sa ɗaya ta riƙa kwana a ɗakinta.

Tayil ɗin nan mai sheƙi ni na matsa a saka, kuma na yi nadama. Ruwan alwala na zuba a kai sai santsi. Ka haɗa da duhu in an ɗauke wuta, da silifas ɗinta da ƙasansu ya suɗe, da dokin ƙofar da take tsallakawa riƙe da buta. Ƙarfen dafawar da nake gani a nan, wallahi mai walda a kasuwar Panteka ta Kaduna zai yi wanda ya fi shi ƙwari. A saya mata fitila mai caji da kujerar roba ta wanka.

Maganin hawan jinin nan ma yana iya sa jiri in ta miƙe zumbur. Ta riƙa ɗan zama a bakin gado tukuna, kuma a faɗa wa likitanta ta faɗi. Sai ido. A nan duk wanda ya kai 60 kyauta ake gwada masa, ku kuma ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a hanyar Mando. Hazo-hazon da take cewa tana gani, ina tsoron yanar ido ce.

Zan turo kuɗin ranar Juma'a in sha Allah. Ka sa ta tsaya a banɗakin ta nuna inda hannunta ke kaiwa, a yi alama a bango kafin mai walda ya zo.