Sikelin aljihu mai awon 0.01g: ya dace da mai tara talar bishop-bishop na Jamus

Duk mai tara kuɗin azurfa na Würzburg, Bamberg, Münster ko Mainz, ƙasashen da bishop-bishop suka mulka har wajen 1803, wannan ɗan sikeli mai ɗaukar giram 200 zai yi masa amfani, ga shi da araha.

Tala, wato babban kuɗin azurfa, wadda aka buga bisa ƙa'idar kuɗi ta shekarar 1566 tana da nauyin giram 29.23. Ta yarjejeniyar 1753, mai rubutun "X EINE FEINE MARK", giram 28.06 ce, daidai da talar Mariya Teresa, mai mulkin Austriya, wadda ta yi yawo a ƙasar Hausa. Gogewar hannu kan rage nauyin tala kaɗan, amma in ta gaza da giram guda, a bincika: ko jabu ce, ko an kankare gefenta. Sikelin yana nuna wannan bambanci sarai.

Inda yake da rauni shi ne iska. Fanka kaɗai na sa lambobin rawa, haka ma batir mai sanyi. A ɗora shi kan tebur mai ƙarfi, a daidaita shi da dutsen awo na giram 100. Farantinsa ƙarfe ne, yana karce azurfa. A shimfiɗa ƙyalle, a mayar da awon sifiri tukuna.

Ba ya gane talar da aka taɓa liƙa wa marataya don a rataya ta a wuya. Wannan sai an duba gefen da madubin ƙara girma.